Nomau da Faifai Huɗu na Akwatin Hoto

To, ku gyara zama ku ji labarin Nomau na Kwarin Ɗinya. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ga gemu ga ɗan tumbi, ga matarsa Delu da 'yarsu guda, Talatu. Gida ɗaya suke da yayansa Shu'aibu Mai Hoto da tsohuwarsu, Iya Gaje. Nomau ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya gardama. Ciwonsa ɗaya ne tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Don haka mutanen gidan sai sun auna magana kafin su sake ta, don da ta fita ta shiga kunnen Nomau, shi ke nan ta zama doka.

Wata rana aka yi baƙo a gidan. Da zai tafi, Delu ta ce, "Malam, raka shi har ka ga ya shiga mota." Suka isa bakin titi, babu mota, sai baƙo ya hau babur. Nomau ya tare wani babur ya bi shi. Baƙo ya sauka a kasuwar gaba ya hau amalanken shanu, Nomau ya bi amalanke a ƙafa. Da abin ya ishi baƙo, ya waiwayo ya ce, "Bawan Allah, wani abu na ɗauko muku ne?" Nomau ya ce, "Ko tsinke ba ka ɗauka ba. Mota nake jira ka shiga." Baƙo ya duba gabas ya duba yamma, ya hango wata matacciyar mota a garejin bakanike, ko taya babu, kaji na kwana a ciki. Ya shiga ya ja ƙofa. Nomau ya ɗaga masa hannu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya juyo gida hankalinsa kwance.

Shi kuwa Shu'aibu, yana da shagon hoto a bakin kasuwa. A kan kantar shagon akwai wani baƙin akwati, bai fi girman kwandon goro ba, da waya ta haɗa shi da kwamfuta. Cikinsa faifai huɗu ne na ƙarfe, a jere daga sama zuwa ƙasa, kowanne da gurbinsa. Duk biki da suna da aka yi a Kwarin Ɗinya shekara goma sha biyu, a nan suke kwance. Kuma abin mamaki, ba a ce wannan faifai na biki wancan na suna ba. Kowane hoto an yayyanka shi ne, kowane faifai ya riƙe ɗan yanki, sai sun haɗu su huɗu hoto yake zama hoto.

A cikin duk tarin nan, abu ɗaya ne ya dami Iya Gaje. Akwai ɗan bidiyo na minti uku da aka ɗauka ranar sunan Talatu, inda marigayi mijinta Baba Mati ke zaune a kan tabarma da ƙwaryar goro a gabansa, yana yi wa Nomau faɗa yana dariya. Ban da wannan, babu inda muryar Baba ta rage a duniya. Kowace Juma'a bayan la'asar Iya takan dogara sandarta ta zo shago. Da yake Shu'aibu ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Mai Hoto, kunna mini mutumin nan." Ta kalla, ta ce, "Har yanzu bai gyara zaman hularsa ba," ta tashi ta tafi gida.

Wata rana Shu'aibu zai je ɗaukar biki a ƙauyen gaba, ya ce, "Nomau, zauna mini a shago. Akwatin nan ba ya son zafi, kada ka bari ya ji zafi." Yana fita Nomau ya ɗora tafin hannu a kan akwati, ya ji ɗumi. Ya ɗauko mafici ya hau fifita. Hannu ya gaji, ɗumi na nan. Sai ya kafa doka: duk wanda ya zo karɓar hoto, sai ya yi fifita ɗari kafin a saurare shi. Har wani malamin makaranta da ya zo da sauri sai da ya naɗe hannun riga ya yi tasa. Da azahar ɗumi ya ƙaru, Nomau ya ce lallai zazzaɓi ne. Shu'aibu ya dawo ya tarar da shi tsaye a kan akwati da moɗa cike da ruwan randa. Ya kurma ihu, "Tsaya yadda kake!" Nomau ya ƙame, moɗa a sama. Shu'aibu ya janye akwati, ya shiga sallamar mutane, ya manta. Sai wajen la'asar ya ji murya a bayansa, "Yaya, hannuna ya fara rawa."

Wata rana da damina, ana cikin cin tuwon rana, hadari ya haɗo. Tsawa ta faɗa kan ƙarfen sola mai ba da wuta da ke saman shago, ta bi waya ta shiga ciki. Da aka buɗe ƙofa, sai ƙauri. Fitilun akwati duk sun mutu, gefensa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Shu'aibu ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya kira wani mai gyara a birni, Injiniya Haladu, ya saka wayar kowa na ji.

"Kada ka tada hankalinka tukuna," in ji Haladu. "Sau da yawa akwatin ne ke mutuwa, fayafayan na nan da ransu. Ka zo mu sayi wani akwati irinsa, mu mai da su ciki. Amma ka ji da kyau: irin wannan tsohon tsarin, kowane faifai sai ya koma gurbin da ya fito. Ka ɗauki na ɗaya ka sa a na uku, sabon akwati zai ce bai san su ba, abin da zai nema kawai a goge a fara sabo. Ka yi musu lamba tun suna ciki."

Shu'aibu ya ɗauki alli ya rubuta a goshin kowane faifai, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Iya ta leƙo daga bakin ƙofa, zaninta a jiƙe, ta ce, "Mutumin nan yana ciki?" Shu'aibu ya ce, "Yana ciki, Iya. In Allah ya so kafin Juma'a za ki gan shi." Ranar Talata ce.

Wata rana, wato washegari, Shu'aibu na sauri ya kama motar birni, ya ce, "Nomau, shagon nan ya yi kaca-kaca da hayaƙi. Ka goge komai tas, kada in dawo in ga ɗigon datti a jikin komai." Nomau ya ɗauki tsumma. Ya goge kanta, ya goge kwamfuta, ya goge kujera. Ya zo kan akwati ya goge baƙin hayaƙi, sai ya ga fari-fari a goshin kowane faifai. Ya ce, "Fari ko baƙi, ɗigo ɗigo ne." Ya goge su har yana ganin gemunsa a jiki. Delu ta kawo masa fura, ta duba ta ce, "Malam, ba a nan Yaya ya yi rubutu ba?" Ya ce, "A nan ne. Shi ya fi ba ni wahala ma, sai da na sa yawu."

Ana haka waya ta yi ƙara. Shu'aibu ne daga tasha, ga hayaniya. "Nomau, Injiniya ya ce a fid da fayafayan daga ƙonannen akwatin nan, kada laima ta kama su. Ka zare su a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ka ajiye shi daban a wurin da ka amince da shi, kada wani ya kusanci wani." Kafin Delu ta karɓi wayar ta ba da labarin alli, sai kiran ya katse.

Nomau ya zauna ya yi tunani, abin da ba kasafai yake yi ba. Kan kanta da ƙarƙashin kanta, kusa ne. Ɗakinsa da ɗakin Iya, kusa ne, ai tari ma ana ji. Sai ya wanke faranti, ya shimfiɗa sabon ƙyalle, ya zare faifan sama ya ɗora, ya nufi gidan Maigari. "Ranka ya daɗe, amana na kawo." Maigari ya juya abin ya ce, "Ana ci ne ko ana ratayawa?" Nomau ya ce, "Ajiyewa ake yi." Ya koma shago ya zaro na biye, ya kai wa Liman, shi kuma ya tura shi ƙarƙashin buzunsa. Ya sake komawa, na biye ya tafi wurin Sarkin Aska, wanda ya jefa shi a zabira tare da asake. Na ƙasa ya kai wa ungozoma, Gwaggo Ladi, ta naɗe shi a zani ta sa a cikin ƙwarya ta rufe da faifan kaba, ta ce ai ɗan'uwansa ne. Sawu huɗu Nomau ya yi, kowane sawu faifai guda a faranti, yana tafiya kamar mai ɗauke da miya a cike.

Wata rana, Juma'a da hantsi, Shu'aibu ya dawo da sabon akwati da Injiniya Haladu a bayansa. Suka tarar da tsohon akwati wayam.

"Nomau, ina fayafayan?"

"Suna gari, Yaya."

"Wane gari?"

"Wannan garin. Babu wanda ya kusanci wani."

Haladu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ba komai, a je a karɓo. Ai da lamba a jikinsu." Delu da ke bakin ƙofa ta yi gyaran murya ta ce, "Yaya, lambar nan fa, an yi mata wanka."

Dariyar Haladu ta ɗauke. Shu'aibu ya dubi ƙaninsa. Bai yi faɗa ba, don ya san bakinsa ne ya ce a goge komai. Ya dai zauna a kan benci ya ce a hankali, "Yau me zan ce wa Iya?" Haladu ya ce faifai huɗu iri ɗaya, hanyar jera su ta fi ashirin, kuma shi ba zai yi caca da kayan mutane ba. Sai dai a kwashe su a kai birni a bincika, wata ɗaya ko biyu, kuma bai yi alkawari ba.

Nomau ya ɗauki farantinsa ya ce, "To bari in fara karɓo na Maigari, shi ne na sama."

Haladu ya ɗago kai. "Yaya aka yi ka san shi ne na sama?"

Nomau ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa ɗan birni. "Injiniya, a garinku na ƙasa ake kai wa Maigari? Na sama na Maigari, sai Liman, sai Sarkin Aska, sai ungozoma. Ko goro ne, ko nama, ko mene ne."

"Ka tabbata ba ka taɓa juyawa ba?"

Delu ta ce, "Injiniya, mutumin da ya bi baƙo ƙauye uku?"

Aka hana kowa taimaka masa. Sawu huɗu ya sake yi. Duk wanda ya kawo, Haladu ya hure masa ƙura ya zura shi a gurbinsa. Na Liman na ƙanshin turare, na Sarkin Aska da gashin wani a manne, na Gwaggo Ladi kuwa sai da aka kakkaɓe garin gero. Aka kunna. Fitila ta farko ta yi kore, ta biyu, ta uku. Ta huɗu ta tsaya tana ƙifta ido, sannan ita ma ta bi 'yan'uwanta.

Bayan la'asar sai ga ƙarar sanda a bakin ƙofa. "Mai Hoto, kunna mini mutumin nan."

Baba Mati ya bayyana a kan tabarmarsa, hula a karkace, ƙwaryar goro a gaba. Ya ɗaga yatsa yana dariya ya ce, "Kai Nomau, buɗe kunnenka. Na sama na Maigari, sai Liman, sai Sarkin Aska, sai ungozoma. Ko bayan raina kada ka canza."

Nomau da ke tsugune a gefe ya ce, "To, Baba."

Shu'aibu ya juya wa mutane baya, wai yana gyara waya. Haladu ya ɗauki alƙalamin da ba ya gogewa zai rubuta lamba a goshin kowane faifai. Iya Gaje ta miƙe ta dogara sandarta ta ce, "Rubuta abinka, ɗan nan. Mu namu allin ga shi nan tsugune." Ta dubi allon kwamfuta ta girgiza kai. "Shi kuwa har yanzu bai gyara zaman hularsa ba."