Na'urar Manya Na Jin Sanyi

Ni Clarrie Dobson na fara ganin wannan masifa, tun kafin ta zama masifa. Ranar da yaran manyan ofishin kula da gidaje suka zo gidajenmu na 'yan fansho a nan Rosebery suka kafa sabuwar na'urar auna zafi, na ce musu, "Samari, kun liƙa ta a bangon baya, dab da 'yar ƙofar kare." Ɗaya ya dube ni ya ce taswira ce ta nuna nan. To, taswira ai ta fi ni ilimi. Aji uku na yi, sai shekara talatin da ɗaya a ramin ma'adinai. Sau biyu ƙasa ta rufta da ni, sau biyu na fito da ƙafata.

Jiya da hantsi abin ya kai maƙura. A waje ƙanƙarar Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasarmu, a ciki tukunyar ɗumama gida na ruri, bututu na buga ganga, man shanu ya zama miya a kan tebur. Matata Beryl, mai ciwon zuciya, ta zame daga kujera tana haki. Na ja ta baranda ina yi mata fifita da jarida.

Da ta farfaɗo ta ce, "Kai tsohon nan, kullum kana cika baki kai ne sarkin injin rami. Tukunya ɗaya ta gagare ka?"

Ba ta gagare ni ba. Na fitar da iskar bututu, na kasa kunne na ji famfo na juyawa, ruwa kuma bai ragu ba. Tukunya lafiyarta lau, umarni take bi. Duk sanda karenmu Sarge ya shiga ko ya fita, iska ta busa wa na'ura, sai ta rantse gidan ya daskare, ta ce a ƙara wuta. Na toshe ƙofar da kwali, Sarge ya yi mana fitsari a kafet, bangon kuma sanyinsa na nan.

Waya biyu zan kwance in matsar da ita falo. Amma Masu Girma Sarakunan Hatimi na ofis sun manna mata hatimin jar takarda: wanda ya taɓa, ya bar gidan. Ina za mu, ni da Beryl, a shekara tamanin?

Na buga musu waya. Bayan na sha kiɗan jira na minti arba'in, wani mai murya kamar zuma ya ce, "Baba, kwamfutarmu ta nuna gidanka digiri tara ne. Ka sa rigar sanyi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, singileti ne a jikina."

Ya ce injiniya zai zo a Oktoba. Allah ya ƙara basira! Sun san lokacin da sanyi ke tafiya.

Maƙwabcina Merv ya leƙo ta kan shinge. "Mutumina, ko gidan burodi kuka buɗe ba ku gayyace mu ba?"

Na ce, "Tsaya ka ga aikin manya."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tunda na'ura ce ke jin sanyi, ita za a yi wa jinya. Na cika gorar roba da ruwan zafi, na sa ta a tsohuwar safar Beryl, na rataye a ƙusa ƙarƙashin na'urar. Hatimi ko ƙwarzane babu. Minti goma, tukunya ta yi shiru. Beryl ta koma ciki ta nemi shayi. Tun daga nan sau huɗu na canja wa baiwar Allah ruwa, kamar mai jego, kuma kafin dare duk layinmu, da su ma aka liƙa musu tasu a bango mai sanyi, an kwaikwaye ni.

Yau da safe saƙo ya iso: ofis na taya kansa murna, wai na'urarsu ta zamani ta daidaita zafin gidaje sha biyu a dare ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai shakka ya zo gida na bakwai ya cire safar da hannunsa, ya zauna a falona awa ɗaya da kwat a jikinsa. In ya jure, Sarge nasa ne.