Goyon Ƙwayoyin Guntu

"Lafiya lau, Kaka, gajiya ta bi jiki. Ina farantin da na ajiye a bayan firij?"

Guntu ya yi tambayar yana leƙa bayan firij ɗin. Akwatin ɗumin ɗakin gwaji ya lalace, shi ya sa ya naɗe farantin ƙwayoyin bakteriyarsa marasa cutarwa ya kawo gida, ya ajiye inda firij ke fitar da zafi. Gobe malaminsa zai duba, in ba su yaɗu ba sai ya maimaita darasin baɗi.

Kakarsa ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sa maka a ciki, angona. Wa ke barin abinci a waje?"

Ya buɗe firij, ga farantin kusa da ƙanƙara, ya yi sanyi ƙalau. Ya ciro shi da sauri.

"Kin kashe ni, tsohuwa. Ba abinci ba ne, halittu ne. Ɗumi suke so. Kowace in ta rabu biyu, sai 'ya'yan su riƙa ƙara sabon bango a gefen jikinsu, suna miƙewa kamar sanda. Sai sun ninka tsawonsu suke tsukewa a tsakiya su sake rabuwa. A sanyi kuwa ko motsi ba sa yi."

"Au, tsawo suke yi? To ka roƙe su sirrin mana. Kai tun ranar suna kake nan yadda kake."

"Ni dai tsayawa na yi. Ke kullum raguwa kike, baɗi a aljihu zan riƙa yawo da ke."

"Miji har miji, dukiyarsa duka ƙazanta a faranti."

"Ƙazantar ce za ta sayo miki haƙora, in kin bar ta ta girma."

Ya zube a kujera ya dafe kai. Da ta ga abin ya wuce wasa, sai ta matso.

"Sun mutu ne?"

"Suma suka yi. Sai sun sami ɗumi irin na jikin mutum."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta jawo majanyi. "Shi ke nan, ka ci ni. Miƙo 'ya'yan naka." Ta ɗora farantin a baya ta ɗaure tam, har da jijjigawa. "Ubanka na goya, ya yi tsawo har kansa na taɓo saman ƙofa. Kai ne uwarka ta hana ni goyawa, ga sakamakon nan."