Ƙeyar Messer Bindo a Bangon Coci

A duk garin Prato babu mutum kamar Messer Bindo, sarkin fataucin ulu. In ma akwai, bai yarda a faɗa ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar tumbi, tumbin da kan shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin mai shi ya iso. Rigarsa mai shafin gashin dila ba ta sauka ko rana tana dafa ƙwai, saboda girma ba ya jin zafi. Shi kansa laƙabin Messer ɗin, wanda manyan alƙalai da jarumai ake kira da shi, ba wanda ya wahala wajen ba shi. Da kansa ya tashi wata safiya ya naɗa wa kansa, don ya rage wa hukuma aiki.

Ga shi da tsare mutunci. In mata masu kaɗin ulunsa suka gaishe shi a hanya, ba ya ɓata musu lokaci da amsawa. Juya baya yake ya wuce, su ƙarasa gaisuwar da ƙeyarsa.

To, wata tafiya ya yi Firenze sayar da haja, ruwan sama ya kora shi cikin wani coci. Nan ya ga sabon zanen da ake ta magana a kai. Kafin ruwan ya ɗauke ya zama malami. Ya dawo Prato, shagon wanzami ya zama makarantarsa.

"Ku kuna cikin duhu," in ji shi, kumfa a haɓa. "Ku dubi waliyyan cocinmu. Fale-fale kamar an yanko su daga takarda, kowa tsaye a kan ɗan yatsa, fuska iri ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su, bayansu sai ruwan zinariya. A Firenze fa? Mutum yana da inuwa! Ƙafarsa tana taka ƙasa! Ka ga ɗaki ya shige cikin bango har ka ji kamar ka shiga ka zauna. Gaskiya ake zanawa yanzu, kuma ni ne zan kawo gaskiya Prato."

Wanzami ya ce lallai, ya roƙe shi ya daina motsa baki kada a yanke gaskiyar.

Ya karɓi bango guda a cocin unguwa, ya ce a zana San Martino, waliyyin nan da ya raba mayafinsa biyu ya ba matsiyaci rabi. Zaɓin ya dace, don Messer Bindo ma yana raba mayafi, sai dai shi sayarwa yake yi. Manyan masu zane sun faɗi farashinsu, ya gano nan take cewa ba su da basira. Sai ya sauka a kan Vanni, ƙanina, wanda ya yi koyo a Firenze amma ya dawo gida yana zanen furanni a akwatunan amare. Vanni bai taɓa samun bango ba. Wannan ne na farkonsa, kuma in ya lalace shi ne na ƙarshe.

"Saurara, yaro," in ji Messer Bindo. "Sabon salo nake so, tsantsarsa. Ni zan fi kowa girma a bangon nan, har waliyyin, ya yi haƙuri, ba shi ya saya ba. Kuma ina durƙushe ina kallonsa ido da ido, a san mun san juna."

"Messer, akwai 'yar matsala," in ji Vanni. "A tsohon salo ne ake ƙara wa mutum girma don darajarsa. A sabon, na kusa shi ne babba, na nesa ƙarami. In kana so ka fi kowa, sai na sa ka gaba can bakin zanen, waliyyin kuwa yana ciki, to in ka fuskance shi..."

"Ni za ka koya wa? Ni da na gani da idona? Sa ni gaba. Dama ina ne wurina in ba gaba ba?"

"Bari dai in nuna maka da gawayi a takarda."

"Riƙe gawayinka. Abu ɗaya ka sani: ka sauya min ko ɗigo daga abin da na ce, in sa a farfashe bangon da guduma, ka koma kan akwatunanka har ka tsufa."

Vanni ya dawo gida ko miyar wake bai iya sha ba. Ya ce min, "Yaya, in na bi maganarsa na mutu, in na ƙi na mutu." Washegari ya ɗauki kayansa ya tafi bin maganarsa.

Ranar da za a ɗauki siffarsa, Messer Bindo ya sha aski, ya sa an tsige masa gashin hanci, ya zo ya durƙusa a kan matashi yana fuskantar farin bango. Ya kwana biyu yana gwada fuskar tsoron Allah a madubin matarsa, yanzu ya ɗaura ta: ido sama, leɓe a turo, gira ɗaya a ɗage. Vanni ya zagaya bayansa ya zauna.

"Me kake yi a bayana?"

"Girmanka nake aunawa, Messer."

"Auna da kyau. Akwai shi da yawa."

Haka ya yini yana yi wa bango fuskar waliyyai, wuya ya ƙage, gwiwa ta kumbura, bai yi ƙorafi ba. Sannan ya sa aka rufe wurin da babban ƙyalle, kada abokan gaba su sace dabarar. Shi ma ya rantse ba zai leƙa ba, don yana so jama'a su ga yadda mamakin babban mutum yake. Zanen bango kuwa a kan ɗanyen shafe ake yinsa, launi ya shige ciki ya bushe tare da shi. Abin da ya bushe ya zauna, ba gogewa, sai dai guduma.

Ranar idin San Martino coci ya cika, ƙanshin gasassun 'ya'yan itace da sabon ruwan inabi yana shigowa daga dandali. Messer Bindo ya tsaya gaban ƙyallen ya gyara murya.

"Jama'ar Prato, yau za ku ga fuskar da jikokinku za su riƙa nuna wa jikokinsu. Ban ce a ƙawata ni ba. Na ce a zana gaskiya, don ni gaskiya ba ta da abin da za ta rage min."

Aka ja ƙyalle.

Kai, bangon nan kamar an huda shi! Ga titi ya miƙe ciki, ga ƙofar gari can nesa, ga waliyyi a kan doki yana yanka mayafi, ga matsiyaci haƙarƙari a waje har ka ji sanyin da yake ji. A gaba kuwa, cike da kusan rabin bango, ga wani bawan Allah durƙushe ya juya wa duniya baya. Ƙeya mai ninki uku. Sanƙo yana ɗaukar hasken taga. Rigar dila ta ɗame a inda ya fi faɗi, ɗinki yana neman agaji. Ga tafin takalma biyu suna kallon jama'a, ɗaya da ɗan faci. Inuwarsa kaɗai ta isa a shanya ulu.

Sai Monna Lagia, tsohuwa mai kaɗi, ta tafa hannu.

"Messer Bindo! Na rantse shi ne! Ƙeyar nan tun ina da haƙora nake gaishe ta!"

Dariya ta ɓarke har bayan ginshiƙai. Wani ya ce saura ta yi magana. Wani ya ce ai ta asalin ma ba ta yi. Messer Bindo ya koma launin jan ulunsa, ya buɗe baki ya ce, "Guduma! A kawo min..." Vanni ya jingina da bango kamar zai faɗi.

Sai Fada Zanobi, limamin cocin, wanda kunnensa ya yi nauyi kuma zuciyarsa ba ta san mugunta ba, ya taho hawaye a ido ya kama hannun Messer Bindo biyu.

"Ɗana, ka kunyata mu duka. Attajiran Firenze turereniya suke su cusa fuskarsu kusa da waliyyai. Kai kuwa ka saya bango guda, ka ɓoye taka, ka ce waliyyi kaɗai zai gani. Irin wannan ƙanƙan da kai ban taɓa gani ba. Zan yi wa'azi a kansa, zan kai labarin har gaban bishop, shugaban limamanmu. Me kake cewa a kawo?"

Messer Bindo ya dubi bango. Ya dubi jama'a. Ya ji kalmar bishop tana yi masa zaƙi a kunne.

"Cewa na yi... a kawo wa yaron nan kujera. Ya gaji." Ya gyara riga, muryar ta dawo. "Ni na tsara haka tun farko. Ya so ya zana fuskata, na hana. A duk ƙasar Toskana, in ana maganar ƙanƙan da kai, ban ga na biyuna ba."

Bango dai yana nan, ko ƙwarzane babu. Vanni namu ya yi sallama da akwatunan amare, yanzu daga garuruwa ake aiko masa, wai a kirawo mai zanen da har ƙeya yake sa ta yi kama da mai ita. Ni kuwa duk wanda na tare a hanya sai ya ji cewa ƙanina ne.

Messer Bindo ma bai yi asara ba. Kowace Lahadi yana tsaye gefen bangon cikin rigar dila, yana jiran baƙi. Da sun tsaya kallo sai ya matso ya ce, "Ni ne wannan." Su dubi fuskarsa, su dubi zanen, su rasa inda kamar take. Sai ya ja numfashi, ya tattara riga, ya juya musu baya a hankali.

"Ashe kuwa!" in ji su. "Shi ne!"