Ranar da Farfesa Ya Haɗiye Sarauniya

Duk faɗin Ingila babu masanin tsofaffin kuɗi kamar Mista Cuthbert Pargeter na ƙauyenmu, Wenbury. Shi da kansa ya shaida mana haka. Ya taɓa sayar da labule, amma tun da ya yi ritaya ya tsinci wani sisin azurfa a gonar kabejinsa, sai muka naɗa shi Farfesan Sisi. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Sisin na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko ne, da hotonta da ɗan fure a bayan kanta. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya zaro shi daga aljihu.

"Yaro, durƙusa! Wannan fuskar ta kori jiragen yaƙin Sifen. Kakanka a lokacin tumaki yake kiwo."

Da Kirsimeti ta matso, ya tuna al'adarmu ta ɓoye sisi a cikin kek, wanda ya samu ya yi sa'ar shekara. Ya ce lallai a sa nasa a kek ɗin walimar coci, ya kuma gayyato mai ɗaukar hoto na jarida. Matarsa Hilda ta ce, "Maigida, in wani ya samu fa?"

"Mace, Sarauniya ta san nata!"

Don taimaka wa Sarauniya ta gane natan, ya sa wa yankansa alama da tsinke.

Aka zauna, aka raba. Farfesa ya miƙe, cokali a hannu, yana jawabi yana loma. "Jama'a, tarihi ba abin da kowane baki zai iya ɗauka ba..." Idanu suka firfito. Maƙogwaro ya yi sama, ya yi ƙasa. Muƙut!

Fasto ya bubbuga masa baya, Hilda na salati irin nata, mu kuwa muna ƙarƙashin tebur don dariya.

A asibiti aka yi masa hoton ciki. Likita ta ce ya riƙa cin wake da yawa, ya yi haƙuri har sisin ya fito. Jarida ta buga hoton a shafin farko, babu fuskarsa, sai haƙarƙari da wani ɗan farin ɗigo.

Yanzu kullum safe in ya fito sayen burodi, maza kan cire hula cikin ladabi, su sunkuya daidai cibiyarsa.

"Barka da asuba, Farfesa. Mai Martaba ta fito kuwa?"