Rasuwar Uwar Garken Shafin Hanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Mani mai shagon kwamfuta a Batsari nake sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutarmu, uwar garken da ke ɗauke da shafin da ke gaya wa 'yan babur da 'yan kasuwa hanyar da ke lafiya da wadda za a guje wa. Ta cika yau bayan azahar.

Marigayiya ba ta da ƙabilanci. Shafin guda ne mai gurabe, kowa ya cike nasa da harshen kwamfutar da ya iya. Ni na rubuta gurbin hanyar Wagini da PHP. Rashida ta Safana ta yi na Babban Duhu da Python, don ta rantse ba za ta taɓa harshena ba. Rilwanu, ɗan makiyaya, ya yi na Ruma da Lua, wanda ban da shi babu mai karantawa a cikinmu. Duk ta saurare mu, ta dinga haɗa shafin tsaf kafin ta tura wa wayoyi, ba ta taɓa cewa wane ya yi gwaranci ba.

Jinyarta gajera ce. Fankarta da ta saba cewa "fuuu" ta koma "gur-gur", ta yi "ɗit" sau ɗaya, sai ƙauri.

Ta bar allo mai tsage, da batirin sola da ya ci amanarta, da mu ukun da ta yi rainonmu. Na kai marayun guraben namu wurin wata uwar garke ta haya, ita kuwa PHP kaɗai take ji. Ta karɓi nawa, ta maido na Rashida da na Rilwanu. Rashida ta zauna tana juya nata zuwa PHP tana zagina. Rilwanu kuwa tun da ya shiga Ruma wayarsa ba ta shiga, kuma ina tsoro.

Jama'a, ku karanta nan da kyau. Kalmar ƙarshe da marigayiya ta faɗa kan hanyar Ruma ita ce "lafiya", kuma tana nan a wayar duk wanda ya buɗe shafin da safe. Da la'asar Sammani ɗan acaba ya dawo daga hanyar Ruman ba takalmi, ya ce ya ga masu bindiga a bakin daji. Mamaciya ba ta iya gyara maganarta.

Za a yi mata sutura da kwalin da ta zo a ciki, a ajiye ta ƙarƙashin tebur gobe da hantsi. Ana karɓar gaisuwa a shago, amma mun yafe wa mutanen Ruma, kada kowa ya taso. Gobe kasuwar Batsari ke ci. Ƙanwata Sadiqa tana can Ruma da buhun wakenta, kuma ni na koya mata ta yarda da shafin nan. Wanda wayarsa ta shiga Ruma, don Allah ya ce mata yayanta ya ce ta zauna gida.