Yadda Za Ka Zama Gwanin Nutso a Tekun Arewa Ba Ka Bar Utaibiyya Ba

Ranar da muka rufe matata Saudatu a maƙabartar Ma'ala, kafin a naɗe tabarmin gaisuwa, yayata Asiya ta fara lissafo mini zawarawan unguwarmu ta Utaibiyya, nan Makka. Ta ce duk wadda za ta shigo da kayanta za ta zo, don haka tsohuwar randar Saudatu waje za ta yi.

A makon ne na gani a wata mujallar Masar cewa can arewacin duniya akwai masu goya tulun iska, su shige ruwan sanyi suna kallon jiragen da suka nitse. Abin da ya burge ni, a ƙarƙashin ruwa ba mai iya yi maka maganar aure. Bi matakan nan, na lamunce maka za ka ƙware, kuma ba gidan da zai ƙara yi maka tayin mata.

Mataki na ɗaya: zaɓi teku mai nisa

Kada ka ce Jidda. Jidda kusa ce, wani mai shisshigi zai ce zo in kai ka. Ka ce tekun arewa, inda ruwa ke daskarewa a gemu. Duk Makka ba mai iya ƙaryata ka.

Na biyu: kayan aiki

Goya gwangwanin kananzir biyu. Ɗaura mafici a kowace ƙafa. Je wajen Tijjani mai gahawa ka ari tiyon shisha. Zai ce, "Ya shaikh, kai da kake mana wa'azin taba?" Ka ce masa ilimi ne. Iskar za ta yi warin kananzir, amma ban ga littafin da ya ce ta Turawa ƙamshi take ba.

Na uku: sanyi

Nan ne wahalar. Allah ya ba garin nan komai ban da sanyi. Sayi ƙanƙara a kasuwa ka rugo gida. Abin da ya iso, ɗora shi a ƙeya. Idan ba abin da ya iso, yi rawar ɗari da kanka. Niyya ce babba.

Na huɗu: jirgin da ya nitse

Bayan Hajji, hanyar Muzdalifa ba ta rasa matacciyar mota. Kewaya ta a hankali, kana wurga hannu, kana leƙa taga da tausayi. Duwatsun gefe su ne murjani. Awakin makiyaya su ne kifi. Wani bunsuru ya cinye mini maficin hagu, kuma mujallar ma ta ce kifin can ba su da kunya.

Na biyar: maganar hannu

Masu nutso da hannu suke magana. Idan Yaya ta ce, "Mukhtaru, Hajara fa mace ce mai hankali, ga girki," ɗaga mata babban yatsa. Ma'anarsa, zan hau sama. Sai ka haye soro.

Na shida: nutson kansa

Jira ranar baƙi. Tawa ita ce ranar da Yaya ta kawo Alhaji Yunus, wan Hajara, ya ga gidan. Na kama tiyo da baki, na zura kai cikin randa. Shiga ba wuya. Kunnuwa ne ba sa son fitowa.

"La haula! Wannan ne angon?" in ji Alhaji Yunus.

"Karatu ne ya yi masa yawa, Alhaji," in ji Yaya. "Miƙo mini taɓarya in fasa ta."

Ko ta cikin ruwa na ji taɓarya. Na rungume randar hannu da ƙafa.

"Mukhtaru, saki! Kanka ko randa?"

Na nuna randa.

"Kai, ka ji ɗan banza! Tun kana yaro haka kake!"

Sai da aka kira Tijjani. Ya tsiyaya mini man riɗi a wuya, ya ja ƙafa, Yaya na salati. Da na fito, Alhaji Yunus ya riga ya ce "halas", wato shi ke nan, ya fice har ya bar carbinsa. Randa ko tsagewa ba ta yi ba. Tana nan inda take.

Gargaɗi

Ba ruwana da kunnen da ya kumbura, ko tiyon da mai shi ya ƙi karɓa, ko yayar da ta daina aiko maka da tuwo. Wanda ya je tekun arewa na gaske ya nitse, shi ya kai kansa.

Abu ɗaya ne hanyar nan ba ta bayarwa. Ruwan da na tarar a ciki ɗumi ne. Mai kawo ruwan bai sauya ba, randar ma ita ce. Saudatu ce kan turara ta da hayaƙin mustaka, ƙaron nan mai ƙamshi, ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ta ja ta bakin taga. Sai ta miƙo mini moɗa ta ce, "Malam, ya yi sanyi?" Ni kuwa idona na kan shafin littafi, sai in ce, "Uhm."

Ya yi sanyi, Saudatu. Duk tekun arewa bai kai shi ba.