Injin Kwatano a Yashin Gulbi

"...Lafiya lau, gida lafiya, gajiya babu. To, ya isa haka nan, tashi!"

Da wannan Batulu ta datse gaisuwar tun ba a kai ga tambayar yara ba. Hamidu yana kishingiɗe a zauren ubansa, kwanansa huɗu da sauka daga Kwatano, inda yake gadin ɗakunan kaya a bakin teku. Hutu ya zo, kuma da gaske yake hutun. Uwar Batulu da uban Hamidu ciki ɗaya suka fito, don haka su biyun taubasai ne. Tun suna rarrafe babu wanda ya taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya magana mai daɗi.

"Wace irin gaisuwa ce wagga?" in ji Hamidu. "Baiwa ta zo gaban ubangidanta, ko durƙuso babu?"

"Ubangidan wa? Kai da ka tafi da wando ɗaya ka komo da shi? Ɗauko mini ƙarfen nan naka mai kuka."

"A'aha! Jiya ba ke kinka ce faifan tuwo na ɗaura wa sanda ba?"

"Har yanzu faifan tuwo ne. Ɗauko shi."

Muryarta ta ɗan karye a kalmar ƙarshe. Hamidu ya tashi zaune ya dube ta.

A shekara ta biyu da samun mulkin kai aka gina wa ƙauyensu mangaza, ɗakin ajiyar irin gyaɗa, can yamma da Gidan Rumji. Aka sa mata kwaɗo mai nauyi, aka danƙa mabuɗin a hannun Bakari, mijin Batulu, don kowa ya shaida amanarsa. Jiya Bakari ya tafi ta'aziyya Tibiri, ya bar mata mabuɗin. Ta ƙulle shi a haɓar zane, da safe ta tafi gulbi tonon ruwa a cikin yashi kamar kowace mace. Sai da ta sauke tulu a gida ta ga ƙullin a kwance. Ga hadari kwana uku yana taruwa a gabas yana watsewa. Ranar da ya zuba, gari duka zai tsaya a ƙofar mangaza yana jiran iri. Kwaɗon kuwa na gwamnati ne. In aka fasa shi jandarma za su zo da tambayoyi, amanar ta bar hannun Bakari, a yi ta faɗin cewa matarsa ce ta zubar da ita a yashi.

"Mabuɗin mangaza?" Hamidu ya kama baki da ta gaya masa. "Ke Batulu! Tun kina yarinya allura ba ta kwana hannunki. Yau kuma abincin gari kinka shuka a gulbi?"

"Ka zage ni a hanya. Tafi mu tafi."

Ya fito da injin a saɓe: doguwar sanda mai faffaɗan faifai a ƙarshe, akwati rataye a kafaɗa, da wasu marufai biyu da ake kifawa a kunne. Ya tsaya ya ɗaure takalmansa na birni, baƙaƙe, masu ƙara in ya taka. Batulu tana gaba tana waige, shi yana baya yana bayani.

"Wanga inji na soja ne, da shi suke gano nakiya a ƙarƙashin ƙasa. Wani Bature injiniya ke da shi. Duk ranar hutu sai shi bi bakin teku da shi, shina neman zobba da masu wanka sunka yar. Da zai koma ƙasarsu ya duba duk Kwatano, bai ga mai hankali kamata ba, sai ya bar mini shi."

"Bai dai ga mai ɗaukar masa shara kamarka ba. Sau nawa ka gwada shi?"

"Sau da yawa."

"Sau nawa, ɗan kawu?"

"Uku."

"Mi ka samu?"

"Marufan kwalba. Da rabin cokali."

"Wayyo ni Batulu! Rabin cokali na ɗauko shi ya cece ni!"

Gulbin yana shimfiɗe fari fat, yashi har inda ido ya tsaya, bishiyoyin gaɓa sun sunkuya a kansa kamar masu jiran baƙo. Ramukan da mata suka tona da safe sun fi talatin, duk kamar uwa ɗaya ta haife su. A gabas sama ta yi baƙi tun daga ƙasa. Iska ta ɗauke.

Hamidu ya kifa marufan, ya murɗa wani abu a jikin akwatin, ya fara kaɗa faifan dama da hagu. Taku biyu ya tsaya. Wani siririn kuka ya fito daga marufan, kamar na sauro.

"Ga shi! Tona nan, baiwa!"

Ta faɗi a gwiwa ta tona har gwiwar hannu. Babu komai. Ya ƙara taku uku, sauron ya sake kuka. Ta tona. Babu. Haka sau bakwai, har farcenta ya fara zafi.

"Hamidu, rijiyoyi ka kawo ni in gina wa gari?"

"Ba laifin inji ba ne. Yashinku gishiri gare shi. A bakin teku haka shike yi, in ya ji yashi mai ruwan gishiri sai shi ta kukan banza."

"Gishiri? A gulbinmu?" Ta dangwali yashi ta sa a harshe ta tofar. "Da akwai gishiri nan, da mun bar jiran raƙuman Buzaye tun zamanin kaka. Da ni ce sarauniyar gishiri, kai kana ɗaukar mini buhu."

"Ke ba ki san ilimin abin ba."

"Sake tafiya in gani."

Ta tsuguna ta zuba ido, irin kallon da take yi wa kaza mai ɓoye ƙwai. Ya kaɗa faifan dama, shiru. Ya komo da shi ta gaban ƙafarsa, kuka. Ya kaɗa hagu, shiru. Ya komo, kuka.

"Ɗaga ƙafarka."

"Don mi?"

"Ɗaga, na ce!"

Ya ɗaga. Ƙasan takalmin jere yake da kawunan ƙusoshi, suna ƙyalli.

Duk da halin da take ciki sai da dariya ta kayar da ita zaune. "Jama'a ku zo ku ga mai hankalin Kwatano! Tun ɗazu ƙafarsa yake farauta! Ashe rabin cokalin ma sa'a ka yi!"

"Wanga takalmi, ko kwamanda bai da irinsa."

"To kai wa kwamanda shi. Tuɓe!"

Ya tuɓe, ya jefa su gaɓa. Tafin ƙafarsa ya manta zafin yashin gida, ya shiga tsalle yana ɗaga ɗaya yana ajiye ɗaya. Batulu ta matso tana nuna masa inda zai bi, sai sauron ya ƙwala kuka fiye da na da.

"Yawwa!" in ji Hamidu. "Yanzu kuma wa ke da laifi? Ja da baya da mundayenki! Kin ɗauko maƙera guda a hannu kina bi na. Wanda ya aure ki ƙarfe ya aura, mutum kaɗan ne a ciki."

Ta zare mundayen ta ƙulle su a kallabi, ta ja da baya. Daga gabas aka yi wata doguwar tsawa, ta yi ta mirginawa a ƙarƙashin sama. Can wajen Katsina ruwa ya riga ya sauka, kuma duk wanda aka haifa a bakin gulbin nan ya san inda ruwan Katsina yake kwana.

Injin ya natsu. Ya ba su guntun bakin fartanya, ya ba su gwangwani mai tsatsa, ya ba su ƙaramar ƙararrawar akuya. Kowanne Batulu ta zaro, ta jefar.

Hamidu ya ɗage marufi ɗaya. Wasa ya ragu a fuskarsa. "Abu ɗaya Baturen ya koya mini da na riƙe. Ƙarfe mai nauyi ba ya zama bisa yashi. Inda ruwa ke tsattsafowa nan shike nutsewa. Ba a hanya kinka yar da shi ba, a ramin da kinka durƙusa ne. Wanne ne naki?"

Ta duba ramukan, kanta ya juya. Ta rufe ido. Da safe inuwa tana kanta, kuma wani ɗan ɓaure ya faɗo cikin ƙwaryarta har ta tsame shi.

"Ƙarƙashin ɓauren can!"

Suka ruga. Ramuka huɗu ne a wurin. Na farko shiru. Na biyu shiru. A lokacin ne Batulu ta ji wani sauti da ba tsawa ba ne, shuuu mai tsawo, kamar ana sheƙar hatsi a gari duka. Wasu mata a kan gaɓa suka ɗaga murya: "Ruwa ya taso! Ku fito!" A kwanar gulbin wani jan harshe ya bayyana, yana lasar yashi, yana turo kumfa da karare a gabansa.

A rami na uku sauron ya yi kuka.

"In ƙararrawar akuya ce, na rataya maka ita a wuya!"

"In mabuɗi ne, ki durƙusa mini gaban matan can!"

Ta tona, ramin yana rushewa yana cika. Hannunta bai kai ba. Hamidu ya sauke akwatin, ya ajiye sandar a yashi, ya kwanta rub da ciki ya zura hannu har kafaɗa. Ruwan farko ya iso, sanyi ƙalau, ya zagaye idon sawun Batulu. Ya kai ƙwauri. Ta kama wuyan rigarsa tana ja.

"Bar shi, Hamidu! Bar shi, taso!"

"Sake ni, baiwa, na taɓa shi!"

Ya taso da laka har gira, hannunsa a dunƙule. Suka kama saiwar ɓauren suka haye gaɓa suna haki. Ya buɗe tafinsa. Mabuɗin ne, da guntun zarensa ja.

Batulu ta karɓa ta damƙe da hannu biyu a ƙirji. Sai da numfashinta ya dawo ta waiga. Can tsakiyar ruwa faifan ya ɗago sau ɗaya, ya juya, akwatin na biye da shi a igiya, suka sha kwana suka ɓace.

"Injinka," ta ce a hankali.

Hamidu ya daɗe yana kallon ruwan. Ya share laka daga ido.

"Wanga gulbi Sakkwato za shi, daga can shi faɗa Kwara, Kwara ta kai shi teku. Inji gida ya tafi. Dama tun da munka zo shike ƙorafi, wai ƙauyawa sun cika surutu."

Ɗigon farko ya faɗo a kan ganyen ɓaure, ƙamshin ƙasa ya tashi. Batulu ta dubi matan da suka kewaye su, ta gyara zane, ta kai gwiwa biyu ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ubangidana."

"Ban ji ba. Ruwa ya shigar mini kunne."

"Na ce ranka ya daɗe! Kuma jan zakarana naka ne, yau za a yanka."

"Ku shaida, mata! Yau shekara talatin nake jiran wagga rana!"

"Su shaida," in ji Batulu, tana dariya hawaye na bin kumatunta. "Amma wuya da ƙafafu za ka ci. Ubangida na yini ɗaya ba a ba shi cinya."